Abin da Malam Jibo Ya Kwafa a Madani

Malam Jibo ba ya wuce takarda a ƙasa. In yana tafe kan jaki a gaɓar tur'a, wato babban magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, ya hangi ɗan guntun takarda iska ta maƙala shi jikin ƙaya, sai ya sauka, ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya sa a aljihu. In ya koma gida ya cusa ta cikin jinkar rumfarsa. Bai damu ko Larabci ne a jiki ko Turanci ba, ko da kwalin taba ne. Yakan ce shi bai san inda sunan Allah yake zaune ba, gara ya ɗaga duka. Mutanen ƙauye sun saba, har jakin ma ya saba, yana tsayawa da kansa.

Ƙauyen nasu na Hausawa ne, yamma kaɗan da Wad Haddad. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya nan don ya yi aikin auduga na shekara guda ya sami guzuri, shekarar kuwa ba ta ƙare ba har aka binne shi. Sana'ar tsohon kwafin littattafai ce. Jibo bai gaji zurfin karatunsa ba, amma ya gaji hannunsa. Da rana yana noma rabin hawashar wani Balarabe, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, a raba amfani, da yamma yana kwafa wa mutane littattafan addu'a da na tsarki da salla, ganye bayan ganye, ba gogewa ba tsallake. Ba mai yawan magana ba ne. In aka tambaye shi abu, sai ya duba ƙasa tukuna, kamar amsar tana can.

Matarsa Raliya ita da ƙafarta ta zo ƙasar nan, tana yarinya, riƙe da gefen zanen uwarta, wanta Abdulmuttalib yana gaba da kaya. Uwar ba ta tsallaka kogin da ke gabas da ƙauyen ba. A wannan ƙauye zazzaɓi ya kwantar da ita, yaran suka tashi a hannun mutane. Raliya ta haifa wa Jibo 'ya'ya da dama, Sharifa kaɗai ta tsaya, ita ma tana aure a unguwar bayan masallaci.

Abin ya fara a hankali, shekarun da rediyo ya fara yawa a ƙauye. Ta sa gishiri a miya sau biyu. Ta bar kisra, wainar dawa, kan wuta ta tsaya kallon bango. Wata rana ta kira Sharifa Inna, ba da wasa ba. Jibo ya ga duk wannan, yana dai ƙara ruwa a miyarsa. Sai wata safiya ya dawo daga masallaci ya tarar ba ta ɗaki. Ya same ta can kan gaɓar tur'a, ta ƙulle zane biyu da ƙwarya a ƙunshi, ta ɗora a ka, tana tafiya gabas da sauri irin na wanda aka bari a baya.

"Ina za ki, uwar Sharifa?"

"Ayari ya tashi, Malam. Inna tana gaba."

Ya karɓi ƙunshin, ya ce mata ayarin ya yada zango, sai gobe. Ta yarda, suka juyo. Gobe kuma ta sake ƙullawa. Daga nan abin ya zama aikinta na kowace safiya, kamar yadda a dā take share tsakar gida.

Ba abin da bai yi ba cikin abin da ya sani. Ya yi mata rubutu ta sha. Ya kai ta wurin malaman da suka fi shi. Matan unguwa suka yi nasu turare da kiɗa a ɓoye, ya yi kamar bai ji ba. Ya hau da ita lori zuwa asibiti a birni, suka wuni a layi, aka ba su ƙwayoyi farare. Ƙwayoyin sun hana ta tafiya, gaskiya ne, amma sun hana ta komai, tana zaune kai a sunkuye, har ran da ta kife kusa da murhu. Ya daina ba ta. Ta miƙe, ta koma ƙunshinta.

Bayan girbin dawa Alhaji Abdulmuttalib ya zo. Shi ya ƙarasa hanyar, ya yi hajji, ya dawo ya buɗe kantin hatsi a Hasahisa. Suka gaisa doguwar gaisuwa a rumfa, aka sha shayi, sannan ya kawo maganar da ya zo da ita. Akwai masid, wato tsangaya, na wani shehi a ƙetaren kogi, inda ake kai masu taɓin hankali. Ana yi musu karatu, ana rage musu abinci, wanda ke gudu kuma a sa masa mari a ƙafa har ya natsu. Ya ce mutane da yawa sun dawo lafiya. Ya ce shi ba zai zauna ya ji an tsamo ƙanwarsa daga tur'a ba, alhali yana da rai.

Jibo ya daɗe yana duban ƙasa.

"Alhaji, ƙafar nan tata ba ta san mari ba."

"Ruwa ma bai san ta ba, Malam. Shi ba ya tambaya."

Ba wanda ya ɗaga murya. Jibo ya san wan mace yana da iko a irin wannan, ya kuma san Alhaji ba mugunta ta kawo shi ba. Ya roƙi lokaci. Alhaji ya ba shi har a gama tsinkar auduga a ƙone kararenta. In ba sauƙi zuwa lokacin, zai zo da mota.

Hakim, wato malamin ɗakin magani na Wad Haddad, wanda ke ba su maganin zazzaɓi, shi ya buɗe masa wata ƙofa, ko da yake ba da niyya ya yi ba. Yana wanke hannu yana cewa wannan ciwo ya fi ƙarfinsa, amma manyan likitocin duniya suna rubutu a kan irinsa, rubuce-rubucen kuma suna nan jibge a maktaba, wato ɗakin littattafai, na makarantar da ya koyi aiki, a birnin Madani, ba mai buɗe su sai gara. Ya faɗa ne kamar yadda ake faɗin abin takaici. Jibo kuwa ya ji kalma guda, cewa an rubuta. Abin da aka rubuta, ana iya kwafa shi. Ya kuma tuna da Abdussalami, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya yi boko har yana koyar da Turanci can Bur Sudan, yana zuwa gida in an yi dogon hutu.

Ranar kasuwa ya bar Raliya a hannun Sharifa, ya hau lori.

Maktabar ɗaki ne dogo mai fanka a sama, yana ƙanshin tsohuwar takarda da maganin ƙwari. Jibo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ya tuɓe. Mai kula da wurin, Ustaz Mahadi, siririn mutum ne daga arewa mai tabarau, ya dube shi ya duba ƙafafunsa, ya ce wurin na ɗalibai ne. Jibo ya ambaci sunan hakim, ya tsaya. Tsayuwarsa ce ta yi aiki, ba sunan ba. Ustaz ya gaji da ganinsa a ƙofa, ya ce ya shigo ya faɗi abin da yake nema.

Bai ce matarsa ba. Bakinsa ba zai iya shimfiɗa iyalinsa gaban baƙo ba. Ya ce wani mutum ne, babba, wanda ya fara mantuwa, yana kiran ɗansa da sunan mamaci, yana fita kullum zai tafi inda ba ya nan. Ustaz ya saurara, bai tambayi ko wane ne mutumin ba. Ya ce wannan na cikin ilmun nafs, ilimin hali da hankalin ɗan Adam. Ya kai shi gaban wani akwatin katako mai ƙananan durowoyi, ya jawo ɗaya. Katuna ne cike, an zura su a sandar ƙarfe. Yatsunsa suka shiga tafiya a kansu. Ya nemi mantuwa, ya sami abin da ya shafi ɗalibai da jarrabawa. Ya nemi tsufa, ya sami ciwon gwiwa. Ya rufe, ya ɗauko wasu manyan kundaye waɗanda ba komai a ciki sai sunayen abin da aka rubuta da inda yake, ya bi su da ɗan yatsa, yana gunaguni da Turanci. Jibo yana tsaye a bayansa, hannu a baya, yana jin kamar ya bi mai jagora cikin garin da bai san harshensa ba.

Wajen azahar Ustaz ya sami uku. Ɗaya, ya ce, sai Hartum. Ɗaya an taɓa samunsa a nan, wani likita ya ara bai dawo da shi ba. Na ukun yana nan. Ya hau kujera ya sauko da wani kundi mai baƙar fata, mai kauri kamar bulo biyu, ya busa ƙurar, ya buɗe can bayan tsakiya. Ya ce ga shi, wasu likitoci ne suka bi tsofaffi masu fita yawo suna neman gidan ƙuruciyarsu. Ya ce shi Turancinsa na katuna ne, in ya shiga maganar likitoci zai yi masa ɓarna. Ya yagi 'yar takarda ya sa a wurin. Littafin ba ya fita. Tawada ba ta shigowa. In kwafi zai yi, ga fensir, ga teburin kusurwa. Ya nuna masa ta inda littafin Turawa yake farawa, da yadda layi ke tafiya daga hagu.

Jibo ya zauna, ya yi bisimilla, ya mayar da ganyayen baya har ya kai shafin farko.

Ustaz ya zo wucewa ya gani. Ya sa yatsa kan 'yar takardar.

"Ya Malam, nan na ce maka. Nan abinka yake."

"Na gani, Ustaz. In sha Allahu zan iso."

Ustaz ya buɗe baki, sai wasu ɗalibai suka shigo da hayaniya, ya tafi wurinsu. Daga baya ya ɗauka wata al'ada ce ta Takari, mutanen da suka zo daga yamma, bai sake magana ba.

Jibo kuwa yana da dalilinsa. Tun yana yaro, da ya tsallake babi don ya kai wurin da ake so da wuri, mahaifinsa ya karɓe alƙalamin ya sa shi ya faro daga fari. Duk littafin magani da ya taɓa riƙewa, sharuɗɗan suna gaba: wanda za a ba, da wanda ba za a ba ba, da abin da za a ƙaurace wa. Wanda ya ɗebo magani daga tsakiya bai karanta sharaɗi ba, yana iya kashe wanda yake so ya warkar. Ya riga ya ga abin da ƙwayoyin nan farare suka yi. Ba zai sake ba Raliya abin da bai san farkonsa ba.

Haka ya shiga. Bai san harafi ko ɗaya ba, zana su yake yi kamar yadda ake zana ado a gefen shafi, mai ƙugiya, mai ciki, mai tsayi da ɗigo. Da farko layi guda yana cin masa lokacin da zai kwafi rabin shafi na Larabci. Daga baya hannun ya gane su, ko da yake kan bai gane ba. Akwai shafuka na lambobi zalla cikin gidaje gidaje, ya ja musu layi da gefen kwali ya cika su daidai. Akwai zane mai hawa da sauka kamar bayan raƙuma, shi ma ya zana.

Tsinkar auduga ta kama, gonaki suka yi fari, kowa yana neman hannu. Shi yana ɓacewa ranakun kasuwa, wani lokaci har da kashegari. Balaraben da suke raba hawasha ya yi ƙorafi, ya sake yi, sannan ya daina gaishe shi da fara'a. Sharifa tana goye da jariri tana tsaron uwa, mijinta yana cin tuwon la'asar da magariba. A masallaci wasu suna tsokanarsa, wai Malam Jibo zai zama likita bana, a shirya masa farar riga. Yakan yi murmushi. In ya dawo da yamma, wuyansa a sanƙare, sai ya tarar da Raliya a bakin ƙofa da ƙunshinta a cinya. Wata rana ta gane shi, wata rana ta tambaye shi ko ya ga ayari a hanya. Sai ya ce ya gani, suna hutawa, ba su yi nisa ba. Kowace tafiya yana duba tazarar da ke tsakanin inda ya kai da 'yar takardar Ustaz. Tana raguwa, amma kamar yadda tulu mai tsaga ke cika.

Zafi ya shigo, aka rufe makarantu, Abdussalami ya iso da akwatin ƙarfe da takalmi mai sheƙi. Jibo ya bari ya kwana biyu ya huta, sannan ya aika a kira shi. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa, ya kwance gafaka, ya ɗora masa tarin ganyayen a gaba. Sun kai kaurin tafin hannu.

Abdussalami ya ɗaga na farko, ya dube shi, ya dubi Jibo.

"Baba Jibo, kai ka rubuta wannan?"

"Yana karantuwa?"

"Kamar na inji."

Ya fara karantawa a zuci, leɓunansa suna motsi. Ya juya ganye, ya sake juyawa. Ya tsallake da yawa, ya duba, ya sake tsallakewa. Fuskarsa ta canza, irin ta wanda ya ga dariya da kuka a wuri guda bai san wadda zai ɗauka ba. Jibo ya ce ya faɗa masa yadda yake, kada ya rage.

Ya ce na farkon maganar tantabaru ce. An sa su a akwati, an koya musu in sun tsattsagi wani maɓalli hatsi zai zubo, ana lissafa sau nawa suke tsattsaga. Na biyu yaran makaranta ne a wata ƙasa mai sanyi, ana gwada yadda suke riƙe lambobi a ka. Akwai na masu aikin dare a masana'anta. Akwai na ɓeraye. Sannan ya yi masa bayani a hankali, yana kallon tabarma, cewa wannan ba littafi ɗaya ba ne mai fari da ƙarshe. Mujalla ce ta shekara guda aka ɗinke. Kamar kasuwa take, kowa da rumfarsa, mai tantabaru bai san mai tsofaffi ba, ba su taɓa haɗuwa ba. Ba wani sharaɗi a gaba. Da ya fara daga inda aka sa masa takarda, da ya gama cikin zuwa huɗu ko biyar.

Daga cikin gida ana jin Raliya tana jan akwati, tana neman zanen da za ta ƙulla.

"To, tantabarun," in ji Jibo, "sun warke?"

"Ba su da ciwo, Baba."

"Alhamdu lillahi."

Ya tattara ganyayen, ya daidaita gefensu a gwiwa, ya mayar cikin gafaka ya ɗaure.

Abdussalami ya ce abin mai sauƙi ne, gobe su tafi tare ya karanta masa a wurin. Suka hau lorin safe. Suka tarar da ƙofar maktaba da kwaɗo. Mai gadi, yana kwance kan gado a inuwar dalbejiya, ya ce ai hutu ake yi, Ustaz Mahadi ya tafi garinsu da mabuɗi, sai damina. Hutun da ya kawo mai karatu gida, shi ya kai mai mabuɗi gida. Suka leƙa ta taga. Ana ganin kundin a kan teburin kusurwa inda Jibo ya bar shi, 'yar takardar ta leƙo daga gefe. Abdussalami ya zaga ofis ofis, kowa ya ce ba shi ba ne. Suka sha ruwa a tasha suka komo.

Aka tuge kararen auduga aka tara aka ƙone, hayaƙi ya rufe gonaki. Alhaji Abdulmuttalib ya zo kamar yadda ya ce. Jibo bai ɓoye masa komai ba, har tantabarun. Ya zaci zai yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya shiga ya ga ƙanwarsa, ta kira shi da sunan da take kiransa suna yara, ta tambaye shi ko ya ɗaure tulun ruwa da kyau. Ya fito idonsa ja. Ya ce tur'a a bushe take yanzu, ba abin tsoro sosai. Zai ƙara jira har a sako ruwa. Bayan haka kada Malam ya sake roƙonsa, don ce masa a'a zai yi masa wuya, kuma dole ya ce.

Abdussalami ya koma bakin aikinsa. Kafin ya tafi ya bar ambulan da adireshinsa a jiki, ya ce da zarar an kwafa a aiko, zai mayar da shi Larabci ya dawo da shi cikin gaggawa.

Maktaba ta buɗe a makon da aka sako ruwa. Jibo yana bakin ƙofa kafin Ustaz ya iso. Wannan karon ya buɗe daidai kan 'yar takardar. Ya ɗan tsaya kafin ya sa fensir, don jikinsa bai saba shiga ta nan ba, sannan ya fara. Rubutun ƙanana ne, layi biyu a tsaye kowane shafi. Ya ƙi tashi shan shayi. Ya ga wani wuri da aka jera lambobi kamar shekarun mutane, ya ga ɗaya da ta yi kusa da shekarun Raliya, ya daɗe yana kallonta. Wannan lamba ita kaɗai ya fahimta a duk abin da ya kwafa tun kaka. Da la'asar ya gama shafi biyu. Ustaz ya ƙirga masa sauran da yatsa, ya ce ba yawa, ya dawo jibi.

Da lori ta sauke shi, ya ga mutane tsaye a ƙofar gidansa.

Jaririn Sharifa ne ya yi zazzaɓi, ta shiga ɗaki ta shafa masa ruwa, ta fito ba ta ga uwarta ba. An yi ruwan sama da hantsi, gaɓar tur'a ta zama santsi. Masu buɗe ƙofar ruwa ne suka gan ta can nesa, kusa da gadar ƙarfe, ruwa har ƙirjinta, ta riƙe ciyawar gefe da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙunshin a kanta don kada ya jiƙe. Sun ce ba ta yi kuka ba. Ta dai ce musu su yi sauri su fitar da ita, an bar ta a baya.

Raliya tana kwance an lulluɓe ta da bargo, tana rawar sanyi. Sharifa tana gefe, ta kasa ɗaga ido ta dubi ubanta. Ya dafa kanta, ya ce ba ita ce mai laifi ba. Bai faɗi ko wane ne ba.

Ba shi ya aika Hasahisa ba, amma labari ya riga shi. Bayan kwana biyu mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ya fito ya gaishe shi, suka tsaya. Jibo bai roƙi komai ba. Ya shiga ɗaki ya fito da buta da tabarma da alƙalumansa, ya ce in za a kai ta, da shi za a kai. Alhaji ya tambaye shi hawasha fa, ga shuka ta kama. Ya ce mai ita zai sami wani. Ya tambaye shi Madani fa. Jibo ya duba ƙasa, bai sami amsa a can ba.

Raliya ta fito da ƙunshinta, wannan karon ba wanda ya karɓe. Da ta ga motar ta juya hanci wajen fitowar rana, fuskarta ta washe, ta gyara zama, ta taɓa hannun mijinta.

"Yau dai mun tashi, Malam."

"Mun tashi."

Waɗanda suka kai ziyara masid daga baya sun ce sun gan shi. Shehin ya ba shi ɗan ɗaki kusa da na mata, yana rubuta wa mutane alluna a bakin abincinsa. Marin da aka sa mata mara nauyi ne, ya naɗe shi da tsumma mai laushi, yana canza tsumman duk Juma'a. Da safe in ta miƙe za ta tafi, yakan riƙe sarƙar a hannu don kada ta ja ƙasa, su zaga harabar tare har ta gaji. Bai sake zuwa Madani ba. Daga can tafiyar wuni guda ce, ba kuma wanda zai bar wa ita.

Ganyayen nan biyu suna ɗakin Sharifa, cikin ambulan ɗin da ba a liƙe ba. Ta so ta aika, mijinta ya ce me za a fassara a rabin magana, a bari Malam ya ƙarasa. Masu kwafi suna da wata al'ada, in sun kai ƙarshen ganye sukan rubuta kalmar farko ta ganye mai zuwa a can ƙasa, a kusurwa, don kada a ɓata wurin ci gaba. Malam Jibo ya rubuta tasa, 'yar gajeruwa, haruffa uku na Turanci. Ganyen da ke biye da ita fari ne, ya riga ya ja masa layuka.